Saƙon Tarko a Imel: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Asusun Kuɗi na Waya da Intanet

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 tiransifa ta zama ruwan dare a Abuja. Mai tumatir a kasuwar Wuse, mai katako a Dei-Dei, ɗan canji a Zone 4, ma'aikaciya a Sakatariyar Tarayya, da wuya ka sami wanda ba shi da asusu biyu ko uku: ɗaya na banki, ɗaya na OPay ko PalmPay ko Moniepoint, wasu kuma har da PayPal ko Payoneer saboda aiki ko sayayya daga waje. Kowanne a ɗaure yake da adireshin imel da lambar waya. Inda kuɗi suka koma, can ɓarayi suka bi su. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan saƙonnin bogi da ake turowa don kwashe waɗannan asusai.

Mene ne saƙon tarko, kuma me ya raba shi da 419 ɗin da muka sani?

Ɗan 419 na da, dogon labari yake kawo maka: gado, kwangila, wani attajiri ya mutu ba magaji. Sai ya yi makonni yana lallaɓa ka kafin ka tura masa kuɗi da hannunka. Mai saƙon tarko ba kuɗi yake roƙo ba, mabuɗi yake nema. Zai turo imel mai tambarin bankinka ko kamfanin da kake ajiya, ya ce an sami matsala, ya ba ka wurin dannawa. Wurin ya kai ka shafin da aka kwaikwaya, ka rubuta kalmar sirri, lambobin kati, PIN ko OTP (lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa waya), shi kuma ya kwashe ya shiga asusun na gaskiya. Kafin shayinka ya huce an gama.

Shi ya sa ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce: kada ka shiga asusunka ta ƙofar da saƙo ya buɗe maka. Rufe imel ɗin, buɗe manhajar da ke wayarka, ko ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka. In da gaske akwai matsala, za ka tarar da ita a can tana jiranka.

Na ga sunan bankina a sama a matsayin wanda ya aiko. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba. Sunan da ke fitowa a sama, mai aikowa ne ke rubuta abinsa, kamar yadda kowa zai iya rubuta "Alhaji" a bayan motarsa. Abin dubawa shi ne adireshin da ke ƙarƙashin sunan. A manhajar Gmail ta waya ba ya fitowa kai tsaye, sai ka buɗe saƙon ka taɓa 'yar kibiyar da ke ƙasan sunan. Duba abin da ya biyo bayan alamar @. Banki ba ya rubuto wa abokan hulɗarsa daga gmail.com ko yahoo.com ko outlook.com. Hukumomin gwamnatin tarayya kuma yawanci adireshinsu da .gov.ng yake ƙarewa, kamar cbn.gov.ng na Babban Bankin Najeriya.

Ka kuma duba ko akwai wani adireshi dabam a layin da amsa za ta tafi. Wani lokaci na sama ya yi kyau, amma da ka danna amsawa sai wasiƙar ta nufi wani akwati can.

Ga masu kwamfuta akwai ƙarin mataki. A Gmail, danna ɗigo uku na gefen saƙon, ka zaɓi "Show original". Za ka ga layuka uku na gwajin tantance mai aikowa, SPF da DKIM da DMARC, kowanne da PASS ko FAIL. In saƙo ya ce daga babban kamfani yake amma ya faɗi waɗannan, ka watsar da shi. Sai dai PASS ba shaidar kirki ba ce. Abin da yake nufi kawai shi ne saƙon ya fito daga adireshin da aka rubuta. In ɓarawo ya yi rajistar nasa adireshin mai kama da na banki, shi ma zai ci jarrabawar.

Yaya ake karanta adireshin mahaɗi a gane na bogi?

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci, don wanda ya iya wannan ya tsallake yawancin tarkon.

Da farko kada ka danna. A waya, ɗora yatsa a kan mahaɗin ko maɓallin ka riƙe na daƙiƙa biyu, adireshin da ke ɓoye zai fito. A kwamfuta, kai kibiyar linzami kansa ba tare da dannawa ba, ka duba ƙasan allo ta hagu. Rubutun da ido ke gani dabam, inda zai kai ka dabam. Ana iya rubuta paypal.com da shuɗi alhali wani wuri aka ɗaura a ƙarƙashi.

To, ga adireshi ya fito, misali:

https://paypal.com.tsaron-asusu.top/login

Ido yana fara cin karo da paypal.com sai hankali ya kwanta. Amma ba daga hagu ake gane mai gida ba. Tsallake https:// ka nemi karkatacciyar sanda ta farko da ta biyo baya. Daga nan ka dawo da baya ka karanta gaɓa biyu na ƙarshe. A wannan misali su ne tsaron-asusu.top, kuma shi ne mai shafin. Duk abin da ke gabansa ado ne da mai shafin ya liƙa, yana iya rubuta sunan kowane banki a wurin ba wanda zai hana shi. Haka abin da ke bayan sandar: tsaron-asusu.top/paypal.com shi ma ba na PayPal ba ne.

Adireshin Najeriya yawanci gaɓa uku ake ƙirgawa, saboda .com.ng da .gov.ng. Don haka cbn.gov.ng na Babban Banki ne, amma cbn.gov.ng.tallafi-yanzu.xyz na wani ne can mai suna tallafi-yanzu.xyz.

Sai wasa da haruffa. Ana sa lamba 1 a madadin harafin l, a rubuta paypa1. Ana sa babban I a wurin ƙaramin l, waɗanda a wasu wayoyi ba ka bambance su. Ana jera r da n su yi kama da m. Ana ƙara karan ɗori da kalma mai daɗin ji, kamar sunan banki sannan -secure ko -verify ko -ng. A ƙaramin allo, ga rana, ga cunkoson Nyanya da Mararaba, ga mutum a gajiye, ba kowa ke lura ba, kuma da wannan suke taƙama.

Gajerun mahaɗai irin su bit.ly ba sa nuna inda za su sauke ka. A saƙon da ya shafi kuɗi, wannan kaɗai ya isa ka ja baya. Haka lambar QR da aka manna a cikin imel aka ce ka ɗauka da kyamara: mahaɗi ne aka lulluɓe don kada matatar imel ta karanta shi.

Amma shafin yana da ɗan kwaɗo da https. Ba alamar tsaro ba ce?

Kwaɗon yana nufin ba mai leƙen abin da ke tafiya tsakanin wayarka da shafin. Bai ce komai ba game da mai shafin. Kyauta ake samunsa, kuma shafukan bogi suna da shi. Wasiƙa ce a rufaffiyar ambulan, amma ɓarawo aka aika wa.

Saƙon ya kira cikakken sunana, ya san bankina, har da lambobi huɗu na ƙarshen katina. Ta ina suka samu?

Da, ana cewa saƙon bogi da "Dear Customer" yake farawa, na gaskiya kuma ya kira sunanka. Rabin maganar har yanzu tana nan: PayPal, alal misali, da sunanka yake kiranka, don haka gaisuwar gama-gari alamar tambaya ce. Ɗaya rabin ya faɗi. Sunanka ba sirri ba ne. Duk wanda ya rubuta lambar asusunka mai lamba 10 a manhajar tiransifa zai ga cikakken sunanka da bankinka. Lambar tana liƙe a bangon shago, tana kan tallar da ka sa a Facebook da WhatsApp. Rasit ɗin POS da ka yar a ƙasa yana ɗauke da wasu lambobin katinka. Ga fom ɗin neman aiki da na tallafi da mutane ke cikewa a intanet ba su san na wane ne ba, ga bayanan da ake sacewa daga kamfanoni a sayar. Sanin sunanka ba ya mai da baƙo ɗan gida.

Turancin saƙon tsaf yake, ba kuskure ko ɗaya.

Wannan ma'aunin ya tsufa. Saƙon banki na gaskiya suke kwafa su canza mahaɗi kawai, ga kuma manhajojin da ke rubuta wa mutum wasiƙa cikin kowane harshe, har da Hausa. Gurɓataccen Turanci alama ce, amma kyakkyawa ba ya wanke kowa.

Wane irin labari suka fi zuwa da shi?

Labarin yana bin abin da ke bakin mutane. Lokacin da Babban Banki ya ba da umarni a Disambar 2023 cewa a haɗa asusai da BVN ko NIN, aka kuma sa 1 ga Maris 2024 a matsayin ranar da za a fara hana cire kuɗi daga waɗanda ba su haɗa ba, faɗuwa ta zo daidai da zama. Umarnin na gaskiya ne, tsoron na gaskiya ne, sai mahaɗin ne na bogi. Har yau "za a rufe asusunka in ba ka sabunta BVN ba" bai daina cin kasuwa ba.

A garin ma'aikata irin Abuja, ƙarshen wata lokacin girbi ne: saƙon "tantance ma'aikata a IPPIS", wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, ko bashin albashi da aka ce an amince a biya, ko cike fom ɗin fansho. Akwai na "an shiga asusunka daga wata waya a Legas, danna nan in ba kai ba ne". Akwai na "an cire maka kuɗi bisa kuskure, ga wurin karɓar abinka". Akwai na tallafi da rance mara ruwa da sunan gwamnati. Masu aiki da ƙasashen waje kuma ana turo musu "an riƙe dalolin da aka aiko maka sai ka tabbatar da asusu".

Duk zaren ɗaya ne: tsoro ko kwaɗayi, sannan wa'adi. Awa 24, awa 48, kafin ƙarfe sha biyun dare. Wa'adin ba don komai aka sa shi ba sai don kada ka sami sararin tambayar wani. A ganinmu wa'adi a saƙon kuɗi ya fi kowace alama tona asiri.

In shafin bogi ne, ya aka yi OTP na gaskiya ya shigo mini daga bankina?

Wannan shi ne wurin da ya fi ruɗa mutane, har masu ilimi. Ga yadda abin ke gudana.

Ka buɗe shafin bogi ka rubuta lambar waya da kalmar sirri. A daidai lokacin akwai mutum, ko manhaja, a ɗaya gefen yana ɗaukar abin da ka rubuta yana zubawa a shafin banki na gaskiya. Banki ya ga ana son shiga daga sabuwar na'ura, sai ya aika lamba shida zuwa layinka, kamar yadda ya saba. Shafin bogi kuma ya riga ya buɗe maka akwati yana cewa ka sa lambar da aka turo. Ka ga ta fito daga banki, a cikin jerin saƙonnin da banki ya saba turo maka, sai ka ƙara sakin jiki. Ka rubuta. Da'ira ta yi ta juyawa a allo, sai a ce lambar ba ta yi ba, an sake turo wata. Ta farkon ta yi. Da ita aka shiga. Ta biyun ta fitar da kuɗi ce, ko ta ɗaura asusun a sabuwar waya, ko ta ɗaga iyakar abin da za a iya turawa a rana.

Saboda haka ka karanta saƙon OTP gaba ɗaya, ba lambar kaɗai ba. Sau da yawa yana faɗin abin da lambar za ta yi, wani lokaci har da adadin kuɗin. In kai "tabbatar da BVN" kake yi amma saƙon na maganar biyan kuɗi ko rajistar sabuwar na'ura, ka tsaya nan. Kuma ka riƙe wannan: OTP da PIN na fitar da kuɗi ne. Ba a buƙatar su don karɓa. Duk wanda ya ce sai ka ba da su kafin a mayar maka da kuɗi, cira zai yi.

Me zan iya bayarwa, me kuma ba zan bayar ba?

Lambar asusu da sunan banki, ba laifi, don karɓar kuɗi aka yi su. PIN, kalmar sirri, OTP da lambar token, ba a ba kowa, ko da ma'aikacin banki ne a zaune a gabanka. Kati kuma a yi hattara: dogon layin lambobin, ranar ƙarewa, da lamba uku na baya, in suka haɗu sun isa a yi sayayya a wasu shafukan ƙasashen waje ba tare da an turo maka OTP ba. Kada ka ɗauki hoton katinka ka tura wa kowa.

BVN da NIN, kowanne lamba 11, suna tsakiya. Su kaɗai ba sa cire kuɗi, amma da su ake ɗinka rigar da za a zo maka da ita: mai kira ya karanto maka ranar haihuwarka da BVN ɗinka, kai kuma ka ɗauka lallai daga banki yake. Ka ba da su inda ka je da ƙafarka ko manhajar da ka sauke da kanka, ba a fom ɗin da imel ya kawo ba.

Na duba komai, saƙon daga PayPal na gaskiya ya fito, yana cewa ana bi na dala ɗari huɗu da wani abu. Ban sayi komai ba.

Zai iya yiwuwa da gaske daga can ya fito. Duk mai asusu yana iya aika takardar neman biya zuwa kowane adireshin imel, kuma kamfanin ne zai isar da ita, don haka duk binciken adireshi zai fito lafiya. Tarkon yana cikin ɗan bayanin da mai aikowa ya rubuta: "in ba kai ka yi wannan ba, kira wannan lamba." Takardar neman biya ba cire kuɗi ba ce, roƙo ne kawai, in ka yi banza da ita ba abin da zai taɓa asusunka. In ka kira lambar kuwa, za a sa ka sauke manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer wai don a soke cinikin, daga nan wayarka ta koma hannunsu, suna ganin duk abin da kake rubutawa. Kada ka biya, kada ka kira. Shiga asusunka ta hanyarka ka kai rahoton takardar, ko ka tura saƙon zuwa phishing@paypal.com.

An liƙa fayil a saƙon, an ce rasit ne ko bayanin asusu. In buɗe?

Duba ƙarshen sunan fayil ɗin. Mai ƙarewa da .html ko .htm shafin bogi ne aka naɗe a cikin wasiƙa, da ka buɗe zai nemi kalmar sirri. Mai .apk manhajar Android ce. In ka girka ta, za ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, daga nan OTP ɗinka na isa gare su ba sai sun tambaye ka ba. Masu .exe da .zip da takardar Word da ke cewa ka kunna wani abu kafin ta nuna rubutu, duk a bar su. PDF ya fi sauƙi, amma shi ma ana dasa mahaɗi a cikinsa. Manhajar banki daga Play Store ko App Store kaɗai ake saukewa, kuma a duba sunan kamfanin da ya ɗora ta.

Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Wani ya turo mini imel mai nuna ya biya, amma kuɗin ba su shigo ba.

Hajiya, kada ki ba ɗan aike kaya. Imel, hoton rasit, har saƙon alat na tes, duk ana ƙera su. Shaida ɗaya ce: ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. Za a ce miki netwok ne, za a ce mai mashin na jira a ƙofa, za a ce ana sauri za a kai gidan biki a Kubwa. Ki ce ya jira. Akwai wani salon kuma: saƙo ya ce kuɗin suna rataye sai kin "ɗaga darajar asusu" da wani abu, ko mai saye ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kaya, ki mayar masa da ragowa. Babu abin da ya shigo, ragowar daga aljihunki za ta fita. In kina da yara a shago, ki sa musu doka ɗaya: ba a sakin kaya da hoton rasit.

Na danna mahaɗin amma ban rubuta komai ba. Na shiga uku?

Galibi a'a. Rufe shafin, duba ko wani fayil ya sauka ka goge shi ba tare da buɗewa ba, ka tabbatar wayarka da burauzarka na kan sabon sabuntawa. Abin da ka yi asara shi ne sun san adireshinka na aiki, don haka ka sa ran ƙarin saƙonni.

Na riga na rubuta komai. Me zan fara yi?

Minti ake ƙirgawa, ba awa ba. Kunya da zargin kai su jira.

Fara da toshe hanyar fita. In manhajar na buɗuwa, daskarar da katin daga ciki, ka canza kalmar sirri da PIN. In an riga an fitar da kai, kira lambar da ke bayan katinka ko wadda ke cikin manhajar. Kada ka nemi lambar a Google ko a ƙarƙashin rubutun banki a Facebook da X, don can ma akwai masu jiran wanda ya ruɗe. Bankuna da yawa suna da lambar USSD ta rufe asusu nan take, wadda ake iya dannawa ko daga wayar wani. Kowane banki da tasa, ka tambayi naka yau ka rubuta a takarda ka ajiye a gida, ba a cikin wayar da za a iya sacewa ba.

Sai imel ɗin kansa: canza kalmar sirrinsa. Sai duk wani wuri da ka yi amfani da kalmar sirri iri ɗaya. In manhaja aka sa ka girka, kashe data, cire ta, kuma ka yi canje-canjen nan daga wata na'ura dabam.

In kuɗi sun fita, nemi banki ya tuntuɓi bankin da suka shiga don a riƙe su. Ka tanadi adadin, lokacin, sunan da lambar asusun da ya karɓa, da lambar shaidar tiransifar, wato Session ID mai lamba 30 da ke kan rasit. Ka karɓi lambar ƙorafi, ka kuma rubuta ƙorafin a imel ko takarda ko da ka yi magana ta waya. Kada ka goge saƙon tarkon, shaida ne.

Kuɗin suna dawowa?

Wani lokaci. Ya danganta da ko suna nan a asusun farko lokacin da aka riƙe shi. Ɓarayin sun san haka, shi ya sa suke rarraba kuɗin zuwa asusai da yawa nan take, su cire a wurin masu POS ko su sayi kirifto. Inda kuma mai asusu ne ya ba da OTP da hannunsa, bankuna kan tsaya a kan cewa sakacinsa ne. Gaskiya ce mai ɗaci, amma gara a sani.

Duk da haka a bi hanya. In banki bai warware ƙorafin cikin mako biyu ba, ana ɗaukaka shi zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, tare da lambar ƙorafin farko. Ta fuskar laifi kuma akwai EFCC, wadda hedikwatarta ke Jabi, da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda a nan Abuja. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ambaci irin wannan damfara a matsayin laifi.

A kula da zagaye na biyu. Wanda ya koka a fili cewa an kwashe masa kuɗi, sai ya ga saƙonni daga masu cewa su ƙwararru ne ko jami'ai, za su dawo masa da su in ya biya wani abu. Ba mai dawo da komai. Garin neman gira ake rasa ido.

Me ya sa kuke nanata maganar imel ɗin kansa? Ai ba kuɗi a ciki.

Saboda nan ake aika saƙon "na manta kalmar sirri" na kusan duk asusanka. Wanda ya riƙe Gmail ɗinka ya riƙe mabuɗin sauran. Kuma ɓarawo mai wayo ba ya canza komai da farko. Sai ya dasa umarni a ɓoye cewa duk saƙon da ya zo daga banki a tura masa kwafi, ko a goge kafin ka gani. Ko ka canza kalmar sirri, umarnin na nan. A kwamfuta, shiga saitin Gmail ka duba "Filters and Blocked Addresses" da "Forwarding and POP/IMAP", ka cire duk abin da ba kai ka sa ba. Sannan a sashen tsaro na asusun Google ka duba na'urorin da ke ciki, da lambar waya da imel na ko-ta-kwana, ka tabbatar naka ne.

Layina ya ɗauke haka kawai, na makwabcina kuma yana aiki. Akwai alaƙa?

Tana iya kasancewa. Da bayanan da aka tara ta saƙon tarko ana iya yi wa layinka walkam bak a wani wuri, OTP ya koma sabon sim ɗin. In sabis ya ɓace maka kai kaɗai, kuma kashewa da kunnawa bai gyara ba, kira banki daga wata waya a rufe asusu, sannan ka je ofishin kamfanin layin da katin shaidarka. Ka kuma sa wa sim ɗinka PIN tun yanzu. Wanda ya tsinci waya ko ya fizge ta, in sim ɗin a buɗe yake, *565*0# kawai zai danna ya ga BVN ɗinka. Wajen sa PIN ɗin kada ka yi ta cinka: kuskure uku ke kulle sim, sai da lambar PUK.

Wace kariya ce ta fi inganci a kan irin wannan?

OTP na tes ya fi babu. Manhajar lambobi irin Google Authenticator, wadda lambarta ke canzawa duk daƙiƙa 30, ta fi shi, don satar layi ba ta taɓa ta, amma ita ma in ka rubuta lambar a shafin bogi an wuce da ita. Abin da ba ya yaudaruwa shi ne passkey, inda yatsa ko fuska ke buɗe asusu, domin a ɗaure yake da adireshin shafin na gaskiya, ba ya aiki a kan na kwaikwayo. Google da PayPal duk suna da shi. Ma'ajiyar kalmomin sirri ta burauza ma tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba: in ta saba cike maka kalmar sirri a shafi, yau kuma ta ƙi, kada ka rubuta da hannu, koma ka karanta adireshin.

Bayan haka, rage iyakar abin da za a iya turawa a rana zuwa daidai buƙatarka, kuma katin da kake sayayya da shi a intanet ya kasance na asusun da ba nan jarinka ko albashinka yake kwana ba.

Wani abokina ya ce a turo kuɗi ta asusuna, in cire in ba shi, ya ba ni na goro. Akwai matsala?

Akwai. Kuɗin da aka kwashe ta saƙon tarko ta irin wannan hanya suke bi. In wanda aka cuta ya kai ƙorafi, sunan da ke kan rasit naka ne, BVN ɗin da za a bi naka ne, asusun da za a rufe naka ne, kuma kai za a fara gayyata ka yi bayani. Haka masu POS da ake kawo wa babban tiransifa daga sunan da ba na mai karɓar kuɗin ba: a nemi katin shaida, a rubuta suna da lambar waya da lokaci a littafi, in mutum ya ƙi bayarwa a ce masa ya gwada gaba.